Kunyar 'Yar Fari

Litinin, 6 ga Oktoba 1997, da hantsi

Yarinyar ta tafi makaranta. Na tsaya bayan labule har motarsu ta sha kwana, yadda na saba, ba ta gan ni ba.

Ba zan rubuta abin da ya faru ranar Alhamis ba. An same ta kafin magariba, lafiyarta ƙalau, ko ƙwarzane babu a jikinta. Ɗan sandan da ya samo ta ma har dariya ya yi mana da zai tafi. Iyakar abin da zan rubuta ke nan.

Ranar Juma'a Misis Pettiford ta zo. Ita ce ma'aikaciyar hukumar kula da yara da ta kawo mana yarinyar bara, tana 'yar shekara bakwai, da kayanta cikin baƙar leda. Ita ce kuma za ta gaya wa alƙali ko a bar mana ita har abada ko a ɗauke ta. Da a watan gobe za mu shiga kotu a gama komai. Yanzu an ɗaga. Ta ce sai mun nemi likitan da ya san sha'anin yaran da aka ɗauka riƙo, mu je mu uku, kafin ta rubuta komai.

Na tambayi maigidana Malam wane irin likita ne wannan. Ya ce, "Likitan magana ne, Nasiba. Therapist. Ki zauna ki amayar da abin da ke cikinki, shi kuma yana gyaɗa kai."

Na ce ai mu a Gumel wajen mai kitso ake yin wannan, kuma ka taso da kai a gyare. Bai yi dariya ba.

Laraba, 8 ga Oktoba, bayan azahar

Malam yana jami'a yana koyarwa, ni aka bar wa waya da wannan ƙaton littafin lambobi mai ruwan ɗorawa. Tun safe nake bugawa har kunnena ya yi zafi.

Wannan ba ya ganin yara. Wancan yana ganin yara amma bai taɓa ganin na riƙo ba. Wata ta ce ita ta ma'aurata ce, ko ni da maigida ne ba ma jituwa? Na ce muna jituwa, na gode. Wani ya yarda da komai, da na faɗi irin inshorar yarinyar sai muryarsa ta koma ta mai sallamar baƙo. Kowa kuwa sai ya ƙare da suna ɗaya, Dakta Troxler, wai ita ce gwanar wannan fanni a duk garin nan na Greensboro. Na buga can. Sakatariyarta ta ce layi ya kai bayan sabuwar shekara. Da yamma Malam ya buga ya sa aka rubuta mu a layin.

Misis Pettiford ba za ta jira sabuwar shekara ba. Ta faɗa da bakinta.

Alhamis, 9 ga Oktoba, la'asar

Ba ta ci tuwon ba. Ta ci biredi a tsaye ta shige ɗaki.

Asabar, 11 ga Oktoba, bayan la'asar

Anti Serah ta biyo daga wurin aiki da fararen kayanta na asibiti. 'Yar Zonkwa ce, ta girme ni nesa ba kusa ba, ita ta koya mini hawa bas a garin nan. Ta zauna a kicin tana taya ni gyaran alayyafo, tana ta kallona ta gefen ido.

Can ta ce, "Ƙanwata, gaya mini gaskiya. Maƙwabta sun ce ranar nan kin bi layin nan sama da ƙasa kina kuka, amma ba wanda ya ji kin kira sunanta. Haka ne?"

Na ce ai ta san ba na kira.

"Na san ba kya kira a gida. Ban san har a emergency ba."

Na ce 'yata ce ta fari.

Ta ajiye wuƙar. "Nasiba, ko a wajenku ai 'yar riƙo ba a yi mata kunya. Mariƙiya ita ke goyo, ita ke kiran suna, ita ke wasa da yaro a gaban kowa. Ke wa ya aike ki?"

Ba wanda ya aike ni. Ni na aiki kaina, kuma da gangan. Shekara goma sha ɗaya ina gidan Malam ban taɓa ko ɓatan wata ba. Na riƙe 'ya'yan mutane a gida kafin mu taho, na kira sunayensu har makogwarona ya bushe, kuma duk iyayensu sun zo sun kwashe abinsu. Ranar da aka shigo da wannan ta tsaya a bakin ƙofa tana rungume da ledarta, na ce a raina wannan ba riƙo zan yi ba. Haihuwarta na yi. Abin da uwa ke yi wa 'yar fari shi zan yi mata, ba ragi. Daga ranar sunanta bai sake shiga bakina ba. Ba ni da wani abin da ya fi wannan daraja da zan ba ta.

Anti Serah ta ce, "To ita ta sani? Kin taɓa yi mata explaining?"

Wa ke bayanin kunya? Ni ma 'yar fari ce. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, "waccan" take cewa. Ranar da za mu taho ƙasar nan ko zaure ba ta leƙo ba, sai ƙanwata ta biyo ni da ƙullin daddawa da kuka wai in ji ta. Ban taɓa kwana ina tambayar kaina ko Inna tana sona ba.

Anti ta ce, "Ke kin tashi inda kowa ya san ma'anar shirun. Ita fa?"

Na ce alayyafon ya isa haka.

Talata, 14 ga Oktoba, da safe

Ai ban bar ta ba suna ba. Tun makon farko na laƙaba mata Ummi, sunan da ake ba 'yar da aka fi ji da ita. Duk sanda na faɗa sai ta ce, "That's not my name." Na ɗauka rigimar yara ce, za ta saba.

Juma'a, 17 ga Oktoba, bayan la'asar

An sami wani likita mai gurbi. Ofishinsa yana bayan manyan kantunan Wendover, inda ba a yi hanya don mai ƙafa ba. Malam ya ari motar abokin aikinsa.

Mutumin ya sa yarinyar ta jira a waje, ya yi mana jawabi mai tsawo. Wai irin waɗannan yara zuciyarsu a kulle take, sai an fasa. Yadda yake fasawa shi ne manya su danne yaro a cinya, su riƙe hannu da ƙafa, a tilasta masa kallon idon uwar, ya yi ta ihu har ya gaji ya sallama. Yana faɗa yana murmushi kamar mai tallan sabulu.

Malam mutum ne mai sanyi, amma yau na ga jijiyar wuyansa. Ya ce masa mun gode, ya miƙe. A mota ya ce da ni da Hausa, "Ko akuya ba zan bari a yi wa haka ba."

Yarinyar tana baya tana kallon taga. Ta tambaye shi da Turanci ko an ce ita ce ba ta da lafiya. Ya kira sunanta, ya ce a'a. Shi tun ranar farko yake kira, ko a jikinsa. Na ji haushinsa, na kuma ji daɗi da akwai mai kira.

Litinin, 20 ga Oktoba, da hantsi

Na sake bin littafin lambobin daga farko. Har muryoyin sun fara gane ni.

Alhamis, 23 ga Oktoba, bayan azahar

Misis Pettiford ta bugo. Ta ce ta samo mana wata ɗaliba mai koyon aikin a wani ƙaramin asibiti, Mis Dana, kafin Dakta Troxler ta samu. Ta ce ba gwana ba ce amma ta fi babu. Sai ta ƙara da cewa yarinyar ta gaya wa malamar ajinsu wata magana, amma gara mu ji a can.

Na ce wace magana? Ta ce gara mu ji a can.

Laraba, 29 ga Oktoba, bayan la'asar

Mun je.

Mis Dana yarinya ce ƙarama, ko ƙanwata ta uku ta girme ta. Ɗakin cike da 'yar tsana da fensir masu launi. Tana da kirki, ba zan ci zalinta ba. Ta tambaye ni yadda nake nuna wa yarinyar ƙauna. Na rasa ta inda zan kama. Na ce ina yi mata kitso. Ina ɗinka mata riguna. Idan na dafa shinkafa ita nake kankare wa ƙanzon, ko Malam ba na ba shi.

Yarinyar ta ɗago kai ta ce ita ta ɗauka ƙonannen ake ba ta saboda ba 'yar gida ba ce.

Wata goma sha uku tana cin ƙanzon nan tana tsammanin horo ne. Ni kuma ina kallonta ta ƙofar kicin ina jin daɗi.

Sai Mis Dana ta tambaye ta labarin ranar Alhamis ɗin. Na so in tashi, Malam ya dafa gwiwata.

Ashe maganar da ta gaya wa malamarsu ke nan: ba ta je ko'ina ba. Tana ƙarƙashin barandar gidan da ke kallon namu, gidan ɗaliban nan, ta cusa kanta bayan kekunansu. Tana ganin ƙafafuna. Ta ga na fito ba takalmi, ta ga na wuce, na dawo, na sake wucewa. Ta ji ina cewa Ummi, ta ji ina cewa ke, ke. Ta ce ta yi wa kanta alkawari da ta ji sunanta sau ɗaya za ta fito. Ta jira har ɗan sanda ya zo, shi ya kira.

Ta ce gida huɗu ta zauna kafin namu. Wani gida sun gajarta sunan, wani sun canza shi gaba ɗaya. Ta ce shi kaɗai ne abin da mahaifiyarta ta ba ta da ba a ƙwace ba. Duk wannan da Turanci, a hankali, tana fere fensir, ba ta kalle ni ba.

Malam ya yi bayanin al'adarmu da Turancinsa na jami'a. Ya yi kyau, har da misalin cewa shi ma ban taɓa kiran sunansa ba. Mis Dana ta ce abin sha'awa ne ƙwarai, ta rubuta. Yarinyar ta ce, "Shi ai ya san nasa dalilin."

Wallahi ranar nan na buɗe baki. A tsakiyar titi na buɗe baki zan kira. Harshena ne ya ƙi.

Alhamis, 30 ga Oktoba, bayan asuba

Tana ganin ƙafafuna.

Asabar, 1 ga Nuwamba, da hantsi

Mis Dana ta ba ni aikin gida kamar 'yar firamare. In riƙa kiran sunan kullum, in fara ni kaɗai in ya yi mini nauyi.

Na shiga banɗaki na kunna famfo na gwada. Ya fito. Suna ne mai daɗi, ban taɓa musu ba. Amma da na faɗa sai na ji kamar ina kiran 'yar maƙwabta ta zo ta karɓi saƙo. Na zauna a bakin bahon wanka na yi kuka mai isata.

Malam ya ƙwanƙwasa ya ce, "Nasiba, nan fa ba Gumel ba ne. Ki faɗa kawai a wuce wurin. Me zai ci ki?"

Na ce shi namiji ne, kuma ɗa na biyar.

Talata, 4 ga Nuwamba, da safe

Na shirya zan faɗa wajen karin kumallo. Ta sauko da jakarta a baya, ta ɗauki ayaba, motar ta yi ham. Gobe.

Laraba, 5 ga Nuwamba, da safe

Gobe.

Juma'a, 7 ga Nuwamba, bayan la'asar

Na faɗa.

Tana zaune a ƙasa tsakanin ƙafafuna ina tsefe mata kai, ba ta kallona, na ga ba lokacin da ya fi wannan sauƙi. Na runtse ido na kira ta, cikakken sunan, yadda yake.

Wuyanta ya sandare a hannuna. Ba ta juyo ba. Ta ce, "Mis Dana ce ta ce ki faɗa."

Na ce e, amma.

Ta ce, "To ba sai kin yi ba." Ta tashi da rabin kai a tsefe ta shige ɗaki ta rufe.

Abin da na adana mata tun ranar da ta shigo gidan nan na fasa shi yau da bakina, kuma ba ta karɓa ba. Yanzu ba ni da wannan, ba ni da wancan. Ina jin haushinta, Allah ya sani ina ji. Ina jin haushin Mis Dana da fensiranta. Na fi jin haushin kaina.

Litinin, 10 ga Nuwamba, bayan azahar

Ta tafi makaranta da hula. Ba ta bari na ƙarasa kan ba.

Laraba, 12 ga Nuwamba, bayan la'asar

Mis Dana ta ce wannan ya fi ƙarfinta. Ta faɗa da ladabi, idonta ya kawo ruwa. Ta ce muna buƙatar wanda ya ƙware, kuma zangon koyonta a asibitin zai ƙare kafin Kirsimeti. Na tambaye ta wa ta sani. Ta ce Dakta Troxler.

Na yi dariya har Malam ya kalle ni.

Anti Serah ta ce fastonsu yana sulhunta iyali, ko Musulmi ne ba ya kora. Malam ya ce limaminmu ma ya ce mu kawo ta a yi mata addu'a. Na gode musu duka. Misis Pettiford ta ce duk suna da kyau, amma ba su ne alƙali yake tambaya ba.

Asabar, 15 ga Nuwamba, da hantsi

Ina kira yanzu. Da safe, da rana, in za ta ci abinci. Ba ta amsawa. In Malam ya kira ta amsa.

Na dafa shinkafa na zuba mata ta sama, fara tas. Ƙanzon na jiƙa tukunyar na zubar.

Talata, 18 ga Nuwamba, bayan la'asar

Misis Pettiford ta zo ta gana da ita a ɗaki su biyu. Da ta fito ta zauna a kujerar da ke kusa da ƙofa, ba ta cire kot ɗinta ba, ta ƙi shayi.

Ta ce akwai wasu mata da miji a McLeansville, tsofaffin hannu ne a riƙon yara, suna da fili da karnuka. Yarinyar za ta je can ta ɗan huta, mu ma mu huta. Na ce ni ban gaji ba. Ta ce na ɗan lokaci ne.

Malam ya tambaye ta kai tsaye, "Ita ta nema?"

Ta duba jakarta kamar tana neman mabuɗi.

Alhamis, 20 ga Nuwamba, bayan asuba

Na wanke kayanta duka na goge. Malam ya sayo akwati mai taya. Ba za ta fita gidana da leda ba.

Juma'a, 21 ga Nuwamba, la'asar

Sun tafi.

Malam ya raka su har mota. Ni ban fita ba. Na san yadda za a rubuta wannan ma, amma ƙafafuna ba su san wata hanyar sallama ba.

Laraba, 26 ga Nuwamba, da hantsi

Gobe bikin godiyarsu na cin talotalo, layin duk ya watse, ɗalibai sun tafi gidajensu. Malam ya buga McLeansville. Matar gidan ta ce yarinyar tana lafiya, tana cin abinci, ta saba da karnukan. An ba ta wayar ta gaisa da shi. Ya ce ga Mama. Na miƙa hannu. Na ga yana saurare, sai ya ce to, to, ba komai, wani lokacin.

Litinin, 1 ga Disamba, da safe

Motar makaranta ta tsaya a ƙofarmu, ta jira kaɗan, ta wuce. Ba wanda ya gaya wa direban.

Talata, 9 ga Disamba, bayan azahar

Misis Pettiford ta kira mu ofishinta. Ta yi magana mai yawa, duk mai taushi. Ta ce ba wanda ya ce mu mugaye ne. Ta ce wani lokaci gida yana da kyau, yaro yana da kyau, amma ba su dace ba. Ba za ta kai maganarmu kotu ba. Za a bar ta a can.

Malam ya yi ta jayayya, ya ce muna kan layin Dakta Troxler, a ba mu zuwa Janairu. Ta ce ta sani. Ta ce da an samu da wuri, wataƙila.

A bas muka dawo. Bai zarge ni ba. Da ya zarga da ya fi mini sauƙi.

Alhamis, 11 ga Disamba, la'asar

Anti Serah ta kawo mini faten acca. Ta zauna, ba ta yi wa'azi ba. Allah ya saka mata.

Litinin, 15 ga Disamba, da hantsi

Waya ta yi ƙara ina shara. Sakatariyar Dakta Troxler ce, muryarta fes. Ta ce albishir, wasu sun fasa, gurbi ya samu ranar Alhamis da ƙarfe goma, iyali duka. Ta ce bari ta nemo mu a layin, mene ne sunan yarinyar?

Na tsaya da tsintsiya a hannu.

Yanzu babu abin da ya hana ni. Hukuma ta gama magana, 'yar mutane ce, zan iya kiran sunanta yadda nake kiran na kowace yarinya a unguwar nan. Na ma riga na kira shi a gidan nan har ya zama ba komai. Matar tana jira, ina jin ƙarar takardunta.

Ta ce, "Madam? Sunan yarinyar?"

Na ce mata da ɗan Turancina, 'yata ce ta fari, mu ba ma faɗa.

Sannan ta ce ba damuwa, za ta sake bugowa in maigidan ya dawo, amma kada mu makara ranar Alhamis, kuma mu taho da ita.

Na ce to.